Yadda Ake Gane Fallayen Kiristal Daga Zanen XRD na Gari

Idan lokacin rubuta kundin digiri ya matso, ɗaliban kimiyya da injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello sukan aika samfurinsu a yi masa XRD, wato a haska dakakken garinsa da hasken eksire don a gane tsarin kiristal ɗinsa, wasu a nan Zariya, wasu Kaduna, wasu ma har wata jiha. Abin da ke dawo musu shi ne zane mai tsaunuka dogaye da gajeru, sai jerin sunayen ma'adinai da kwamfuta ta zaɓo. Da yawa daga nan sai su manna a babi na huɗu, su wuce. Ranar kare kundi malami ya ɗora yatsa kan tsauni ɗaya ya ce, "Wannan na wane falle ne, kuma ta ina ka sani?" sai a yi tsit.

Ba abu ne mai wuya ba. Kwamfuta kwatance kawai take yi, ba ta san abin da ka daka a turmi ba. Kai ne za ka bi tsaunukan ɗaya bayan ɗaya ka ba kowanne lambarsa, sannan ka duba waɗanda ya kamata su fito amma ba su fito ba. Zan yi misali da gishirin miya, domin kowa ya san shi, kuma akwai tarko a cikinsa da ke koya wa mutum hankali.

Kayan aiki

Na farko shi ne fayil ɗin lambobi na ainihi, mai ginshiƙi biyu: kusurwar 2θ da ƙarfin haske. Ka roƙi ma'aikacin lab ya ba ka shi a matsayin .xy ko .txt ko .csv. Hoton zane a PDF ba ya wadatarwa, don ido ba zai karanta maka 31.70 daga hoto ba. Idan hoton kaɗai ka samu kuma babu halin komawa, akwai WebPlotDigitizer da ke tsamo lambobi daga hoto, ko ka buga shi babba ka auna da rula. Sai dai ka sani kuskurenka zai iya kai 0.2 na digiri, ka rage buri.

Sannan kana buƙatar sanin irin bututun da na'urar ke amfani da shi, kalkuleta ta kimiyya ko Excel, da ma'ajiyar bayanan kiristal. Ta ICDD, wadda ake kira Powder Diffraction File, ta kuɗi ce. COD kyauta ce a intanet. Cikin manhajojin kyauta akwai QualX2 da Profex da GSAS-II da VESTA. Ka sauke su tun da wuri ranar da ka samu wuta da data, kada ka bari sai daren miƙa aiki.

In har samfurin yana hannunka ba a auna ba tukuna, ƙara da turmin agat da taɓaryarsa, rariya mai ramin maikuron 45, gilashin daddalewa, da ɗan garin silikon mai tsafta in akwai.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Ka tuna gonar da aka shuka da igiya a hanyar Shika. Idan ka tsaya a bakinta za ka ga layukan shuka a miƙe. Ka matsa gefe, sai wasu layukan su bayyana a karkace, tazararsu ta fi ta farko ƙanƙanta, alhali shukar ba ta motsa ba. Haka atam suke a cikin kiristal, sai dai maimakon layi, fallaye ne a jere, kowane jeri da tazararsa da ake kira d.

Hasken eksire yana dawowa da ƙarfi daga jerin fallaye ne kawai idan kusurwarsa ta dace da tazarar. Wannan ita ce dokar Bragg, wadda William Lawrence Bragg da mahaifinsa William Henry Bragg suka yi aiki da ita a Ingila a 1913, har ta kai su ga kyautar Nobel a 1915:

λ = 2d sin θ

λ shi ne tsawon zangon hasken, θ kuma kusurwar da hasken ya yi da fallen. A littafi za ka ga n a gaban λ. A aikin gari muna barin ta 1, domin lambobin falle sun riga sun ɗauke ta. Dabarar amfani da gari maimakon kiristal guda kuwa ta Debye da Scherrer ce a Jamus a 1916, da Hull a Amurka a 1917: idan ƙwayoyin gari suna da yawa kuma kowace ta fuskanci inda ta ga dama, kowane jerin fallaye zai samu waɗanda suka daidaita da haske.

Kowane jeri yana da suna na lambobi uku, h da k da l, wato lambobin Miller, waɗanda William Miller ya fito da su a 1839. Ka ɗauki akwatin tushe, wato ɗan ƙaramin akwatin da maimaituwarsa ke gina kiristal ɗin gaba ɗaya. Ka duba inda falle ya yanki gefunansa uku, ka kifa lambobin. Wanda ya yanki gefen farko a ƙarshensa, bai taɓa sauran biyun ba, shi ne 100. Wanda ya yanke shi a rabi shi ne 200. Wanda ya yanki duka ukun a ƙarshensu shi ne 111. Aikinmu duka shi ne mu ce tsauni kaza na falle kaza ne.

Mataki na 1: Shirya gari

Daka shi har sai ka murza tsakanin yatsu ba ka ji tsakuwa ba. Gari mai gautsi yana sa wani tsauni ya yi tsawon da bai kamata ba, wani kuma ya ɓace. Kada kuma ka wuce gona da iri, yawan niƙa yana faɗaɗa tsaunuka. Idan babu turmin agat, na tangaran zai yi wa abu mai laushi kamar gishiri ko farar ƙasa, amma dutse mai tauri zai kankare turmin ya zuba maka baƙo a cikin gari.

Da hunturu ka rufe samfurinka. Ƙurar da ke sauka a kan benci tana ɗauke da kwaz, wato ma'adinin yashi, kuma kwaz ba ya ɓuya, ɗan kaɗan ya isa ya fito da tsauni a 26.6. Da damina kuma gishiri da ire-irensa suna shan laima, sai ka busar a oba kafin aunawa.

Wajen cika mazubi, saman garin ya yi daidai da bakin mazubin, kada ya yi tudu, kada ya lotsa. Kar ka danne da ƙarfi kana gogawa da gilashi, musamman yumɓu, wanda ƙwayoyinsa faifai ne masu son kwanciya fuska ɗaya. Ka nemi a auna daga digiri 5 zuwa 90, taku 0.02. Masu yumɓu kada su yarda a fara daga 20, domin babban tsaunin kawolinayit, ma'adinin farar ƙasa, yana wajen 12.4. Na'urar kuma ka bar wa ma'aikacinta, ba a buɗe ƙofarta haske na kunne.

Mataki na 2: Tabbatar da tsawon zango

Yawancin na'urori bututun jan ƙarfe suke da shi, wanda babban zangonsa, Kα1, yake 1.5406 Å. Kowane Å ɗaya daidai yake da 0.1 na nanomita. Wasu kuma na kobal ne, 1.7890 Å. Ka duba saman fayil ɗinka ko ka tambaya. Idan ka yi lissafin zanen kobal da lambar jan ƙarfe, rabon tsaunukan zai yi maka kyau, lambobin falle su fito daidai, amma girman akwatin ya kauce da wajen kashi 14 cikin 100, ka je kana neman ma'adinin da ba shi ne a gabanka ba. Duk kusurwoyin da zan ambata a nan na jan ƙarfe ne.

Masu aiki da taman ƙarfe, irin na Itakpe, su lura: hasken jan ƙarfe yana sa baƙin ƙarfe ya riƙa fitar da nasa hasken, sai ƙasan zanen ya ɗaga sama ya haɗiye ƙananan tsaunuka. Kobal ya fi dacewa da irin wannan. Idan babu, a ƙara lokacin aunawa.

Ka kuma gwada ko kusurwoyin sun zame. Silikon yana ba da tsaunuka a 28.44 da 47.30 da 56.12. Idan ka gauraya kaɗan a garinka ka ga na farko a 28.54, to ka cire 0.10 daga tsaunukan da ke kusa da nan. Wanda ba shi da silikon amma samfurinsa ƙasa ce ko yumɓu, kwaz ɗin da ke ciki ya ishe shi ma'auni: 20.86 da 26.64 da 50.14.

Mataki na 3: Tsamo tsaunuka, ka ware na bogi

Zana bayanan, ka faɗaɗa ƙasan zanen sosai. Manyan tsaunuka kowa na ganinsu, ƙananan ne ke yanke hukunci. Dabara ɗaya ita ce ka zana tushen sikwaya na ƙarfin hasken maimakon ƙarfin kansa, sai ƙananan su ɗago kai. Rubuta kusurwar kowane tsauni da lamba biyu bayan ɗigo, da tsayinsa in an ɗauki mafi tsawo a matsayin 100.

Ba duk abin da ya yi tsini ne tsauni na gaskiya ba. Bututun jan ƙarfe yana fitar da zango na biyu, Kα2, mai 1.5444 Å, ƙarfinsa rabin na farko. A ƙananan kusurwoyi suna manne, amma daga wajen digiri 60 zuwa sama sai ka ga kowane tsauni ya yi ƙane a damansa mai rabin tsayinsa. A gishiri, tsaunin 83.99 yana da irin wannan ƙane a wajen 84.24. Falle ɗaya ne, kada ka ƙirga shi biyu.

Akwai kuma Kβ mai 1.3922 Å, wanda matacin nikel ke ragewa amma ba lallai ya share shi duka ba. Yakan fito a hagun tsauni mafi tsawo. Gwajinsa: raba sin θ na ɗan tsaunin da sin θ na babban, in ka samu 0.904 to shi ne. A gishiri yana zama a 28.6, a kwaz a 24.0.

Mazubin ma yana magana. Na alminiyam yakan leƙo a 38.5 da 44.7 idan garin bai rufe shi ba, kuma 44.7 ɗin nan daidai yake da babban tsaunin baƙin ƙarfe. Gilashi kuwa tozo mai faɗi yake bayarwa tsakanin 20 da 30. Irin wannan tozo ba shi da lambar falle. Masu tokar ɓuntun shinkafa sukan gan shi a wajen 22, alama ce ta silika marar tsarin kiristal. Haka wanda ya gasa farar ƙasar Ƙanƙara a digirin zafi 700 zai ga tsaunukan kawolinayit sun tafi, sai tozo da tsaunukan kwaz.

Mataki na 4: Juya kusurwa zuwa d da sin²θ

Abin da ke kan zanen 2θ ne. Raba shi biyu tukuna. Wannan mantuwar ta fi kowace yawa. Ta biyu ita ce kalkuleta ko Excel na lissafi da radiyan kai kana ba shi digiri. A Excel, idan 2θ na A2, rubuta =SIN(RADIANS(A2/2))^2 don sin²θ, sannan =1.5406/(2*SIN(RADIANS(A2/2))) don d. Gwada da 31.70, in ba ka samu d = 2.820 ba, akwai matsala a saitinka.

Mataki na 5: Nemo cikakkun lambobi

Kullum fara da zaton cewa akwatin tushe kubik ne, wato gefunansa uku tsawonsu ɗaya, a, kuma kusurwoyinsa duka digiri 90. Shi ya fi sauƙi, kuma in zaton bai yi ba, da wuri za ka gani. A kubik:

sin²θ = (λ² / 4a²) × N, inda N = h² + k² + l²

Abin da ke cikin baka bai canzawa daga tsauni zuwa tsauni. Saboda haka in ka raba kowane sin²θ da na tsaunin farko, abin da zai rage rabon N ne zalla. Ga abin da gishiri mai tsafta ke bayarwa. Naka zai iya kaucewa da 0.05 ko 0.1, ba komai.

| 2θ | d | sin²θ | an raba da na farko | sau 3 | hkl |
|---|---|---|---|---|---|
| 27.37 | 3.256 | 0.0560 | 1.00 | 3 | 111 |
| 31.70 | 2.820 | 0.0746 | 1.33 | 4 | 200 |
| 45.45 | 1.994 | 0.1492 | 2.67 | 8 | 220 |
| 53.87 | 1.701 | 0.2052 | 3.67 | 11 | 311 |
| 56.47 | 1.628 | 0.2238 | 4.00 | 12 | 222 |
| 66.23 | 1.410 | 0.2985 | 5.33 | 16 | 400 |
| 73.07 | 1.294 | 0.3544 | 6.33 | 19 | 331 |
| 75.29 | 1.261 | 0.3731 | 6.67 | 20 | 420 |
| 83.99 | 1.151 | 0.4477 | 8.00 | 24 | 422 |

Ginshiƙi na huɗu bai ba da cikakkun lambobi ba. Sai ka ninka shi sau 2 ka gani, in bai yi ba sau 3. Da zarar ka ga wutsiyar .33 da .67 ka san 3 ake nema. Idan wutsiyar .5 ce, 2 ce.

Hattara da cika lamba da ƙarfi. 10.97 ka iya kiranta 11. Amma 10.6 ba 11 ba ce, ko da kana son ta zama. Idan ka samu lambobi suna zamewa a hankali, 3 sai 3.98 sai 7.9 sai 10.8, yawanci tsaunin farko ne bai auna daidai ba, domin ƙananan kusurwoyi sun fi ɗaukar kuskure, kuma ka raba kowa da shi. Maganinsa ka ɗauki sin²θ na wani tsauni na sama wanda ka tabbata da N ɗinsa, ka raba da N ɗin, ka yi amfani da sakamakon a matsayin abin rabawa. A gishiri wannan lambar 0.01865 ce.

Mataki na 6: Daga N zuwa hkl, da irin akwatin

Kowace N ka nemo lambobi uku da jimillar sikwayarsu ta ba da ita. 3 ita ce 1+1+1, wato 111. 8 ita ce 4+4+0, wato 220. 11 ita ce 9+1+1, wato 311. Wasu suna da fuska biyu: 9 tana iya zama 300 ko 221, 27 kuma 511 ko 333. Tazararsu ɗaya ce, tsauninsu ɗaya, sai ka rubuta duka biyun in tsarin ya yarda da su. Akwai kuma lambobin da ba sa yiwuwa sam: 7, 15, 23, 28. Babu lambobi uku da za su ba ka su. Ka riƙe wannan, yanzu zai yi amfani.

Jerin N ɗin da ya fito shi ke faɗa maka yadda atam suka zauna.

Idan a kusurwoyin akwati kawai suke, wanda ake taƙaitawa SC, duk N mai yiwuwa tana fitowa: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 8, 9. Idan akwai ƙarin ɗaya a tsakiyar akwati, BCC, sai waɗanda h+k+l ɗinsu cika ne: 2, 4, 6, 8, 10, 12, 14, 16. Idan ƙarin a tsakiyar kowace fuska yake, FCC, dole h da k da l su zama duka mara ko duka cika, sifili kuma cika ake ɗaukarsa: 3, 4, 8, 11, 12, 16, 19, 20, 24. Tsarin daiman, irin na silikon, FCC ne da aka ƙara cire wasu: 3, 8, 11, 16, 19, 24.

Gishirinmu FCC ne. In ido ya saba, tun daga zanen ake gane shi, tsaunuka biyu kusa da juna, ɗaya shi kaɗai, biyu kuma, ɗaya kuma.

Mataki na 7: Tarkon tsaunukan da ba a gani ba

A gishiri, 111 gajere ne, 311 da 331 kuwa sai an lura. Dalili shi ne a waɗannan fallayen hasken da sodiyam ya mayar yana rage wanda kulorin ya mayar. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin gishiri suna son kwanciya a kan fuskarsu, sai 200 ya yi tsawo fiye da kima ya danne sauran. Wanda ya yi garaje ya tsallake waɗannan ukun, zai fara rabo daga 31.70, ya samu 1, 2, 3, 4, 5, 6 cif-cif. Sai ya yi murna ya rubuta SC mai a = 2.82 Å. Lissafinsa bai yi kuskure ba, amsarsa kuwa ba daidai ba ce. A KCl abin ya fi muni, domin fotashiyam da kulorin a nan kowanne lantarki 18 gare shi, tsaunukan mara kusan ba sa fitowa gaba ɗaya.

Haka SC da BCC suke rikitarwa. Raba 2, 4, 6, 8, 10, 12 da 2, sai ka samu 1, 2, 3, 4, 5, 6, babu bambanci. Tsauni na bakwai ke raba gardama: in rabonsa 7 ne, tunda 7 ba ta yiwuwa, to 14 ce, abin BCC ne. In 8 ne, SC ne. Matsalar ita ce ba kullum ake samun na bakwan ba. Baƙin ƙarfe yana ba da 44.67 da 65.02 da 82.33 kafin digiri 90, kuma da hasken jan ƙarfe na bakwansa ba ya fitowa ko an auna har ƙarshen na'ura, domin sin θ ɗinsa zai wuce 1.

A nan sai ka koma ga densiti, wato nauyin abu a kowace santimita kubik. Yawan ƙwayoyin da ke cikin akwati, Z, dole ya zama cikakkiyar lamba:

Z = densiti × 0.6022 × a³ / M

A nan ana sa a ne da ma'aunin Å, M kuma nauyin mol. Gishiri densitinsa 2.16, M ɗinsa 58.44. Sa a = 2.82, za ka samu Z = 0.5, rabin ƙwaya, abin da ba ya yiwuwa. Sa 5.64 ka samu 4, daidai da FCC. Baƙin ƙarfe kuma in ka ce SC ne mai a = 2.027, densitinsa zai zama 11.1, alhali an san 7.87 ne. BCC mai a = 2.866 shi ke ba da 7.88. Ban da haka ma, cikin sinadarai zalla foloniyam ne aka sani da tsarin SC, don haka duk wanda ya samu SC a ƙarfen da ya sayo a Sabon Gari ya sake lissafi.

Mataki na 8: Girman akwati

a = d × √N. Yi wa kowane tsauni. A gishiri 2.820 × 2 = 5.640, haka 1.994 × √8 = 5.640. Idan lambobin falle daidai ne, amsoshin za su taru wuri ɗaya. Wanda ya yi nisa da sauran, ko lambarsa ba daidai ba ce ko ba ɗan gidan ba ne.

Ban cika son a tara duka a raba ba. Kuskuren tudu ko lotsawar gari ya fi cutar da ƙananan kusurwoyi, yana raguwa in ana dosar θ = 90. Ka fi yarda da tsaunuka biyu ko uku na ƙarshe. Mai son ya ƙara kyautatawa sai ya zana a na kowane tsauni a kan cos²θ / sin θ, ya ja miƙaƙƙen layi, ya karanta inda ya yanki sifili.

Mataki na 9: Idan ba kubik ba ne

In ka ninka sau 2, sau 3, har sau 4 babu abin da ya daidaita, kuma ka tabbata abu ɗaya ne a garin, to gefunan akwatin ba su yi daidai ba. Biyu ake iya bi da hannu.

A tetiragonal, sin²θ = A(h² + k²) + C l², inda A = λ²/4a². A hegzagonal, sin²θ = A(h² + hk + k²) + C l², inda A = λ²/3a². A duka biyun C = λ²/4c², inda c yake tsawon gefen da ya bambanta da sauran biyun. Dabarar ita ce ka fara nemo tsaunukan da l ɗinsu sifili ne, domin su A kaɗai suke bi. A tetiragonal rabonsu yana cikin 1, 2, 4, 5, 8, a hegzagonal 1, 3, 4, 7, 9, 12.

Ɗauki kwaz. 20.86 yana ba da sin²θ = 0.0328, 36.54 yana ba da 0.0983, 42.45 kuma 0.1311. Rabonsu 1, 3, 4, hegzagonal ke nan, fallayen 100 da 110 da 200, A kuma 0.0328, wanda ke ba da a = 4.913 Å. Saura babban tsaunin 26.64 mai 0.0531. Cire A daga ciki, ya rage 0.0203. Ɗauke shi a matsayin C, sai c ya zama 5.405 Å, tsaunin kuma 101. Kada ka tsaya nan, gwada a kan wani: 112 ya kamata ya ba da 3A + 4C, wato 0.1796, wanda ke faɗawa a 50.1. Akwai tsauni a wurin, don haka zaton ya tsaya.

Ƙasa da waɗannan, irin su monokilinik da tirikilinik, inda kawolinayit yake, ba aikin hannu ba ne. Sai manhajoji irin DICVOL da TREOR, waɗanda ke zuwa tare da FullProf. Suna son tsaunuka 20 na farko masu tsafta, kuma suna ba da makin amincewa, M20. In bai kai 10 ba kada ka dogara da shi.

Mataki na 10: Gari mai gauraye

Ƙasa, yumɓu, siminti, toka, duk ba abu ɗaya ba ne, kuma rabon sin²θ ba ya aiki a kan tsaunukan gidaje daban-daban. Sai an ware su tukuna. Hanyar da Hanawalt da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 1938 ita ce: ɗauki d na tsaunuka uku mafi tsawo, nemo katin da ya dace, wato jerin tsaunukan wani ma'adini da ke cikin ma'ajiyar bayanai, sannan ka bi duk tsaunukan katin ka soke su daga jerinka. Abin da ya rage ka sake masa haka. Lambobin falle kuma daga katin za ka kwafo, bayan ka gwada biyu ko uku da lissafin da ke sama.

Kafin bincike ka gaya wa manhajar sinadaran da ka san suna ciki, daga XRF, wato gwajin da ke nuna sinadaran da ke cikin samfuri, ko daga abin da ka haɗa da hannunka. In ba haka ba za ta kawo maka ma'adinin da ke ɗauke da sinadarin da bai taɓa shiga lab ɗinka ba, da maki mai kyau kuwa.

Tsauni ɗaya ba ya zama shaida. 27.4 na iya zama 111 na gishiri, yana iya zama 110 na rutayil. In rutayil ne, dole a ga 36.1 da 54.3. In babban tsaunin kati bai fito ba, a ajiye katin, sai fa in yumɓu ne da ya kwanta fuska ɗaya.

Masu haɗa ƙananan ƙwayoyin azurfa da ruwan ganyen zogale ko darbejiya su ma su kula. Azurfa FCC ce, tsaunukanta 38.1, 44.3, 64.4 da 77.4, wato 111, 200, 220, 311. Sau da yawa akan ga ƙari a 27.8 da 32.2 da 46.2, a rubuta musu lambobin azurfa ko a ce na ganyen ne. Raba sin²θ ɗinsu za ka samu 3, 4, 8, da a wajen 5.55 Å. AgCl ne, kulorin ɗin da ke cikin ganye ko ruwa ya kama azurfar.

Mataki na 11: Gwajin ƙarshe da rubutawa

Sauko da fayil ɗin CIF, wato mai bayanin tsarin kiristal, na abin da ka gano daga COD, buɗe a VESTA, ka sa ta lissafa zanen gari da tsawon zangon da aka auna naka da shi. Ɗora shi a ƙarƙashin naka. Wurin tsaunuka ya kamata ya dace cikin 0.1 ko 0.2 na digiri. Tsayi zai iya bambanta. Idan 200 da 400 ne kawai suka yi tsawo tare, ko 001 da 002 a yumɓu, kwanciyar gari ce, ba sabon abu ba.

A kundin ka sa tebur mai 2θ da d da ka auna, d na kati, hkl, da sunan ma'adini. Faɗi irin bututu, tsawon zango, iyakar kusurwa, taku, da lambar katin da ka yi amfani da shi. A kan zanen rubuta hkl a saman kowane tsauni, in gidaje sun fi ɗaya ka bambanta su da alama. Tsaunin da ka kasa ganewa ka sa masa tauraro, ka rubuta kusurwarsa da d ɗinsa a ƙasan tebur, ka ce ba a tantance shi ba.